Ruwan azurfa da rinewar fata: yadda ake ganewa da matakin ɗauka

Ruwan azurfa, wanda ake rubuta wa "argent colloïdal" a jikin kwalba, ruwa ne da ƙananan ƙwayoyin azurfa ke yawo a cikinsa. Masu tallarsa a WhatsApp suna cewa yana maganin taifot, sanyi, ciwon suga, har da ƙanjamau. Ba a tabbatar da ko ɗaya ba, kuma jiki ba ya buƙatar azurfa yadda yake buƙatar sinadarin ƙarfe. Tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ingancinsa ko rashin illarsa ba. Abin da aka tabbatar yana yi shi ne rina fata ta koma shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, cutar da likitoci ke kira arjiriya.

Azurfar da aka sha tana bin jini ta kwanta a ƙarƙashin fata, musamman kewayen inda gumi ke fitowa. Da rana ta buga wurin sai ta yi duhu, kamar fim ɗin hoto na da. Shi ya sa fuska, wuya da bayan hannu ke fara canzawa, kuma ɗan acaɓa ko mai noman albasa da ke wuni a ranar Garwa ko Marwa zai riga mai zaman shago nunawa.

Fara da lissafi. Duba adadin ppm a kwalbar: 10 ppm na nufin miligiram 10 a kowace lita, wato ƙaramin cokali mai mililita 5 yana ɗauke da miligiram 0.05. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa ita ce miligiram 0.005 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60 ke nan bai kamata ya wuce 0.3 ba, har da ɗan abin da ke cikin abinci da ruwan sha. Kofi ɗaya mai mililita 250 na ruwan 10 ppm ya ninka wannan fiye da sau takwas. Idan kwalbar 500 ppm ce, cokali guda ya kai kofin nan. Wanda ake haɗawa a gida da batir da wayar azurfa ya fi muni, domin babu mai sanin ƙarfinsa, kuma gishirin da wasu ke barbaɗawa don aikin ya yi sauri yana ƙara yawan azurfar da ke shiga ruwan.

A baƙar fata launin ba ya fitowa fili da wuri, sai dai a ga mutum ya dushe, a ɗauka rana ce ko wahala. Don haka a duba da hasken rana, ba da fitila ba: dasashi, farin ido ta gefen hanci, da farin nan na gindin farce, wanda ke komawa shuɗi. Mutane da yawa da duhun dasashi aka haife su, saboda haka canji ake nema. Tsohon hoto yana taimakawa.

Kada a yi saurin ɗora wa azurfa laifi. Man bilicin mai hydroquinone yana bar wa mata baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, haka ma daɗewa ana shan amiodarone, minocycline ko kulorokwin. Idan kuwa leɓe da farce suka yi shuɗi farat ɗaya tare da haki, wannan ƙarancin iska ne a jini, asibiti za a nufa nan take.

Wanda ya ga alama ya daina sha a ranar, ba sai an rage a hankali ba. Ya tafi da kwalbar wurin likitan fata, ya faɗi cokali nawa yake sha da tsawon lokacin. Gwajin jini yana nuna shan kwanan nan ne kawai, tabbaci sai an yanki ɗan guntun fata an duba. A roƙi gwajin ƙoda da hanta, a kuma ambaci sauran magunguna, domin azurfa tana rage shigar ciprofloxacin, tetracycline da levothyroxine cikin jini.

Launin da ya riga ya zauna ba ya fita da sabulu, jiƙo ko magungunan fitar da ƙarfe daga jiki, kuma man bilicin ƙara ɓata fatar zai yi. Abin da ke hannu shi ne hana shi ƙaruwa: rawani ko malafa, riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana mai lamba 50, a sake shafawa duk bayan awa biyu idan ana waje. Na'urar leza (mai aiki da haske mai ƙarfi) da ake kira Nd:YAG ta haskaka fatar wasu, amma akwai zafi sosai, launin kan iya dawowa, kuma a baƙar fata tana iya barin tabo idan ba ƙwararre ya riƙe ta ba.

Man ƙuna mai azurfa irin su Flammazine lamarinsa daban ne: likita ke rubuta shi, a kan rauni ake shafawa, na ɗan lokaci.