Yadda ake zaɓar lokar difarenshal ta gaba ga motar shiga daji

Wanda ya taɓa ɗauko doya ko masara daga ƙauyukan Ejura a Ghana da damina ya san wannan takaici. Ka sa giyar taya huɗu, amma taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta wulwulawa cikin caɓi, biyun da ke kan ƙasa mai tauri sun yi tsit. Motar ba ta lalace ba. An ƙera difarenshal, wato giyoyin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar hagu da ta dama, don tayoyi biyu su juya da gudu daban-daban wajen shan kwana, shi ya sa ƙarfi ke zurarewa ta tayar da ba ta kama komai ba. Loka, wato na'urar kulle difarenshal, ita ce ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Sai dai tayoyin gaba su ne na sitiyari, don haka zaɓen lokarsu na son natsuwa.

Da farko, duba baya. In aksil ɗin bayanka ba shi da loka, can za ka fara kai kuɗinka, domin can nauyin kaya yake, kuma ya fi juriya. Ta gaba ƙari ce ga wanda ta baya ta kasa fitarwa.

Na biyu, san irin motarka. Hilux da Land Cruiser 79 da tayoyin baya suke tafiya a kwalta, sai ka sa giya sannan gaba ya kama. Yawancin Land Cruiser 80, wadda aka fara ƙerawa a 1990, da Prado kuwa, kullum tayoyi huɗu ke ja. Wannan bambanci shi ke yanke hukunci a mataki na gaba.

Na uku, irin lokar. Akwai mai kulle kanta, kamar Detroit Locker da ƙananan nan masu araha irin Lock-Right da ake cusawa cikin tsohon gidan difarenshal. Da ka taka totur sai ta ɗaure, ba ta neman izininka. A motar da gabanta ke ja kullum, kada ma ka kusance ta: sitiyari zai yi nauyi, motar ta riƙa son miƙewa a kwana, ga shi kana tsakiyar cunkoson kasuwar Kejetia a Kumasi. Ko a Hilux, da zarar ka sa giyar taya huɗu kan santsi za ka ji tana gardama da hannunka.

Sai wadda kai kake kunnawa, ita ce nake ba kowa shawara a gaba. ARB ta Ostireliya da iska take aiki: ana ɗaura ƙaramin kwampireso, siririn tiyo ya kai iska cikin aksil. Tana kamawa nan take, kuma da babban kwampireso za ka iya mayar wa tayoyi iska bayan ka rage a yashi. Rauninta shi ne tiyo da robar da ke riƙe iska. In suka tsage, ba kulle. Eaton ELocker da wutar batir take, waya ce kawai da maɓalli, amma sai tayar ta ɗan gangara kafin ta kama. ARB ce ko Eaton, in ka kashe ta, mota ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Wanda taɓonsa bai kai ya kawo ba, Truetrac ta ishe shi; ba ta kullewa gaba ɗaya, tana dai rage zurarewar ƙarfi ba tare da ka danna komai ba.

Na huɗu, kada ka shiga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu kayan gyara a Kumasi, da sunan mota kaɗai a baki. Ɗauki lambar shasi, sannan ka sa masta, wato babban makanike, ya zare shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya ya ƙirga haƙoran bakinsa a gabanka. Motocin da ake shigowa da su ta tashar jirgin ruwa ta Tema sun sha hannu, sau da yawa aksil ɗin da ke ƙasa ba shi ne na asali ba. Na ga loka sabuwa fil a kwali, mai ita ya zuba sidi masu yawa, aka ɗora shaf ya ƙi shiga saboda bambancin haƙora uku. A duba kuma ko wutar motar 12 ce ko 24, don wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal 24 ne.

Na biyar, gaɓoɓin shaf ɗin gaba, waɗanda ake ce wa sibi. In suna ƙas-ƙas a kwana, canja su tukuna. Ni kaina na karya ɗaya a wani hawa mai duwatsu: loka a kunne, sitiyari a murɗe har ƙarshe, na taka totur da zafin rai. Ƙara ɗaya na ji, sai giris ya fara tsiyaya ta bayan taya, muka kwana a wurin. Manyan tayoyi ma ƙara musu wahala suke.

Ɗauri kuma sai a hannun wanda ke da agogon auna tazarar haƙoran giya, ya sa sababbin boris. In an yi da ka, kuka za ka fara ji cikin makonni. Kafin ka biya shi, a ɗaga gaban motar a jak, a kulle hob, wato makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, in tana da su, a kunna lokar, ka juya taya ɗaya da hannu. Dole ɗayar ta bi ta, su juya tare ta fuska ɗaya. A kashe, a sake juyawa, ka tabbatar ta saki.