Kurakuran da aka fi yi wajen gina gidan gumagumai da hannu, da yadda ake gyara su

A ƙasashen da daji ya yalwata kuma hunturu ke da tsanani, irin su Finlan, Suwidin, arewacin Rasha, Kanada da wasu jihohin Amurka, har yanzu akwai mutanen da ke sare itatuwa su jera gumagumansu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, su tayar da gidan zama da hannunsu. Sana'ar ta daɗe, domin cocin katako mai ƙubba 22 da ke tsibirin Kizhi a Rasha tun 1714 yake tsaye, kuma baƙin da suka fito daga Suwidin da Finlan suka sauka a bakin kogin Delaware daga 1638 suna cikin waɗanda suka kai wannan salon gini Amurka. Duk da haka, wanda ya saba da ginin bulo da siminti yakan shiga aikin da wani zato da ke jawo masa asara, wato cewa bango idan ya tashi ya tsaya ke nan. Bangon gumagumai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana bushewa, yana motsewa, yana sauka ƙasa shekara bayan shekara, kuma ruwa ne babban abokin gabarsa. Kusan duk kuskuren da za a ambata a nan daga mantawa da waɗannan abubuwa biyu ya samo asali.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ƙin barin wa bango sararin sauka. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma da zarar danshinsa ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari sai kaurinsa ya fara raguwa, alhali tsawonsa kusan bai canzawa ko kaɗan. Tunda a kwance aka jera gumaguman, raguwar kaurin kowanne tana taruwa, ga kuma nauyin rufi da na dusar ƙanƙara suna danne su. Ƙa'idar da maginan wannan fanni suka daɗe suna bi ita ce a ƙiyasta saukar kashi 6 cikin ɗari na tsayin bango idan da ɗanyen itace aka yi aiki. Ma'ana, bango mai tsayin mita 3 zai iya sauka da kusan santimita 18 kafin ya zauna daram, kuma hakan yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar, wani lokaci ma fiye. Sai a tambaya: me zai faru da tagar da aka kafa firam ɗinta da ƙusa kai tsaye a jikin gumaguman? Bango zai sauko ya hau kanta, ƙofa ta daina rufuwa, gilashi ya tsage, ko kuma gumaguman sama su rataye a kan firam ɗin su bar rata tsakaninsu da na ƙasa, iska da ruwa su samu hanya.

Maganinsa sananne ne, amma sai an tsara shi tun kafin a yanka gurbin taga. Ana fafe dogon kwari a tsaye a bakin gumaguman da ke gefe biyu na gurbin, a zura wani miƙaƙƙen katako ko ƙarfe a ciki, sannan a ɗaure firam a jikin wannan katakon kaɗai, ta yadda gumaguman za su riƙa zamewa ƙasa ba tare da sun ja firam ɗin ba. A saman taga da ƙofa kuma ana barin rata daidai da saukar da aka lissafa, a cusa ulu ko wani abu mai laushi da ke matsuwa, a rufe da faffaɗan katako na ado wanda aka kafa a gungumen sama kaɗai. Mutane da yawa sukan yi duk wannan daidai, daga baya su ɓata shi da kansu ta hanyar fesa kumfar nan mai ƙandarewa a cikin ratar domin tsoron sanyi, ita kuwa idan ta bushe tana tokare bango kamar dutse. Wanda ya riga ya kafa tagoginsa ba tare da rata ba, gyaran da ya rage masa shi ne ya cire firam, ya ƙara yanke gungumen sama da zarton inji, ya mayar da tagar bisa tsarin da aka bayyana.

Wannan lissafi bai tsaya ga taga da ƙofa ba, ya shafi duk wani abu da ke tsaye a cikin gidan wanda shi ba ya raguwa. Ginshiƙin da ke riƙe da baranda ko da babban gungumen rufi, tunda a tsaye yake, tsawonsa yana nan yadda yake yayin da bangon gefensa ke sauka, saboda haka ake sa masa jak, wato dogon ƙarfe mai noti da ake murɗawa, a ƙasa ko a sama, mai gida ya riƙa sassauta noti kaɗan-kaɗan yana bin saukar bango. Bangon da ya raba ɗakuna, idan na katako da allo ne, ana barin masa rata a sama. Bututun ruwa da na bayan gida da suka hau bene suna buƙatar mahaɗa mai zamewa, matakalar bene tana buƙatar a ɗaure ta yadda za a iya daidaita ta, kabad ɗin kicin kuma a rataye shi a kan katakon da ke zamewa. Bututun hayaƙi na dutse ko na jan bulo shi ne ya fi yaudarar mutane, domin rufi yana sauka a kewayensa shi kuwa yana tsaye, don haka kwanon da ke tare ruwa a mahaɗarsu dole ya zama falle biyu masu hawa kan juna, ɗaya a jikin bututun, ɗaya a jikin rufin.

Kafin a kai ga wannan mataki ma, akwai kurakuran da ake tafkawa tun a daji. Wasu sukan bar ɓawo a jikin gungume saboda suna ganin ya fi kyau ko saboda ɓare shi aiki ne mai gajiyarwa, alhali ƙarƙashin ɓawon ne danshi ke maƙalewa kuma ƙwari masu huda itace ke yin ƙwai. Wasu kuma sukan ɓare, amma su zube gumaguman a ƙasa ko su lulluɓe su ruf da leda, sai fumfuna ta kama su, jikinsu ya yi shuɗi-shuɗi. Abin da ya dace shi ne a ɗora su a kan wasu itatuwa nesa da ƙasa, a bar tazara tsakaninsu, a yi musu rumfa daga sama, gefe kuwa a bar iska ta ratsa. Haka nan a lura da gungumen da zaren jikin itacensa ya murɗe, musamman wanda ya murɗe zuwa hagu, domin yana ƙara juyawa yayin bushewa har ya buɗe mahaɗa. Maginan da suka ƙware sukan ajiye irinsa a sahun ƙasa inda nauyi zai danne shi, ko su yanka shi gajeru. Tunda kowane itace gindinsa ya fi kansa kauri, ana juya su sahu bayan sahu, gindi a kan kai, in ba haka ba bango ya karkace tun bai kai rabi ba. Kada kuma a raina nauyi: ɗanyen gungume mai kaurin santimita 30 da tsawon mita 10 yana haura rabin tan, kuma ɗaga shi ba aikin mutum ɗaya da igiya ba ne.

Sai batun ruwa, wanda a ganina nan ne ake bambance gidan da zai ga jikoki da wanda zai fara ruɓewa mai shi yana raye. Naman gwarin da ke ruɓar da itace ba ya samun ƙarfi sai danshin itacen ya zarce kusan kashi 20 cikin ɗari ya kuma daɗe a haka. Gungumen da ya jiƙe ya bushe da wuri ba shi da matsala. Wanda ke zaune cikin laima kullum shi ne ke lalacewa. Kuskure biyu ne ke jawo wannan, wato gajeren tushe da gajeren rufi. Idan gungumen farko ya kusanci ƙasa, ruwan da ke zubowa daga rufi yana fantsama a kansa, dusar ƙanƙara kuma ta taru ta jingina da shi wata da watanni. Ya kamata tushen siminti ko na dutse ya ɗaga shi aƙalla santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, a kuma shimfiɗa abin da ke hana danshi hawowa tsakanin simintin da itacen. Bakin rufi kuma ya leƙo sosai, santimita 60 zuwa 90 ko fiye, a sa masa mazurarin ruwa, sannan a tabbata ƙarshen gumaguman da suka fito a kusurwa suna ƙarƙashin inuwarsa, domin ta bakin yanka itace ya fi shan ruwa. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da indararo mara kyau ke yi wa katanga a damina ɗaya, to haka lamarin yake a nan, sai dai ɓarnar itace a ɓoye take tafiya. Ana gano ta ta hanyar ƙwanƙwasa gungume da guduma: idan ya yi amo irin na ganga, cikinsa ya tafi, kuma sai an tallafe bango an sauya wannan sashe.

Zurfin tushen ma abin lura ne a ƙasar sanyi, saboda ƙasa mai danshi tana kumbura idan ta daskare, ta ɗaga gini. A jihar Minnesota ta Amurka, alal misali, doka ta nemi tushe ya nutse inci 42 a kudu da inci 60 a arewa, wato kusan mita 1 zuwa mita 1 da rabi.

Wajen kammalawa, kuskuren da aka fi gani shi ne shafa fenti mai kauri ko mai sheƙi da ke yi wa itace fata. Ruwa yana samun hanyar shiga ta tsaga, amma ba ya samun hanyar fita, sai fentin ya kumbura ya ɓare, itacen kuma ya ruɓe a ƙarƙashinsa yana ta ƙyalli daga waje. Abin da ya dace shi ne rini na musamman da ke shiga jikin itace ya bar shi yana fitar da danshi, kuma mai ɗan launi, domin launin ne ke tare hasken rana, wanda ba shi da launi kuwa ba ya jimawa. Kafin a shafa shi ana wanke gumaguman, a bar su su bushe, a sa musu maganin gishirin boron da ke hana ƙwari da ruɓewa. Ana sabunta rinin kusan duk bayan shekara uku zuwa biyar, kuma bangon kudu da na yamma ne ke fara nema, tunda su rana ta fi duka a waɗannan ƙasashe. Idan an riga an yi kuskuren fenti, babu wata gajeriyar hanya, sai an kankare shi gaba ɗaya.

Ratar da ke tsakanin gumagumai ita ma tana da nata hukunci. Mutanen Finlan da Rasha na da sukan fafe ƙarƙashin kowane gungume ya hau na ƙasa daidai, su cusa gansakuka a tsakani, yanzu kuma ulu ko zaren roba ake sawa. A salon Amurka inda ake barin faffaɗar rata a cike ta, masu son arha sukan yi amfani da siminti, shi kuwa ba ya miƙewa, saboda haka da itace ya motsa sai ya rabu da shi ya zama mazubin ruwa. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da wani kwaɓi mai danƙo, a fara tura soso a bayansa domin ya manne a sama da ƙasa kaɗai ya samu damar miƙewa. Tsagewar da ke fitowa a jikin gungume yayin bushewa ba abin tsoro ba ce, kusan kowanne sai ya yi ta. Wadda ake damuwa da ita ita ce ta waje da ke kallon sama, idan faɗinta ya kai kusan milimita 6, domin tana tara ruwan sama, kuma ita ce ake toshewa. Wayar lantarki kuma a tuna da ita tun bango yana tashi, a riƙa huda ramukanta sahu bayan sahu, don huda bango mai tsayin mita 3 bayan an ɗora rufi wahala ce da ba ta da dalili.

Akwai kuma zaton cewa kaurin itace kaɗai ya isa ya tsare ɗumi. Itace yana riƙe zafi ya sake shi a hankali, amma bango mai kaurin santimita 15 bai kai bangon zamani da aka cusa wa abin tare sanyi ba, kuma mafi yawan ɗumin da ke gudu ta rufi, ta kusurwa da ta gefen tagogi yake fita. Nan ya kamata kuɗi da kulawa su tafi. Haka kuma a nemi izinin gini kafin a sare ko itace ɗaya, domin a Amurka akwai ƙa'idar ICC 400 da aka fara fitarwa a 2007 musamman saboda irin waɗannan gidaje, kuma hukumomi da dama suna neman a tantance ingancin gumaguman kafin su amince, banki da kamfanin inshora ma sukan tambaya.

Bayan an tare, zumuɗin sabon gida yakan sa a cika murhu da wuta dare da rana a hunturun farko, sai fuskar gumaguman ta ciki ta bushe da sauri alhali cikinsu da sauran ruwa, tsagewa ta yi yawa ta kuma yi faɗi. Gara a ɗaga zafin a hankali, a riƙe danshin iskar ɗaki tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Murhun ƙarfe da ba shi da kariya yana buƙatar tazarar kusan santimita 90 daga bangon itace, a share bututun hayaƙi kowace shekara saboda baƙin danƙon da ke taruwa a ciki yana kama wuta, a kuma sa na'urar da ke gargaɗi kan hayaƙi da iskar gas mai guba. Itacen wuta kada a jera shi a jikin bango, shuke-shuke ma a nesanta su, domin suna riƙe laima suna kuma jawo tururuwa masu fafe itace, a jihohin kudancin Amurka kuwa har da gara. Sannan a rubuta ranar duba jak a kalanda, sau biyu ko uku a shekarun farko, a auna tsayin bango a kusurwoyi huɗu a kwatanta da na ginshiƙai, a sassauta noti daidai gwargwadon bambancin da aka samu.