Darasi na 7: Tsiron da baya tsoron sanyi ko fari, ruwa ne abokin gabansa

To jama'a, yau darasin mu akan wani ɗan tsiro ne da nake matuƙar ƙauna, masana suna ce masa Delosperma, asalinsa daga Afirka ta Kudu da ƙasar Lesoto yake, can kan duwatsu inda ƙasa duk tsakuwa ce kuma sanyi yake sauka sosai da daddare. Turawa suna kiransa tsiron ƙanƙara, dalili kuwa idan ka kalli ganyensa cikin rana zaka ga wasu ƙananan ƙuraje suna ƙyalli kamar an watsa masa garin ƙanƙara. Ganyen ƙanana ne masu kauri kamar ɗan yatsan jariri, cike da ruwa, wannan ruwan shine guzurinsa lokacin fari.

Baya yin tsawo, da ƙyar yake wuce santimita 10, amma yana rarrafe ya shimfiɗe kamar darduma har faɗin santimita 60. Furen kuma sai wanda ya gani, ja ne mai haske da ya ɗan karkata zuwa shuni, akwai wani irin mai ruwan ɗorawa, yana buɗewa idan rana ta fito ya rufe da yamma, ranar da gari yayi hadari ma sai kaga yaƙi buɗewa gaba ɗaya, kada hankalinka ya tashi haka halinsa yake.

Yanzu ku buɗe kunne dan nan ne darasin yake. Wannan tsiro yana iya jure sanyin da ya kai kusan digiri 20 ƙasa da sifili, amma da sharaɗi ɗaya, ƙasar da yake ciki ta zama a bushe. Yawancin waɗanda nasu ya mutu sai suce sanyi ne ya kashe, alhali ruwa ne ya kwanta a gindinsa saiwar ta ruɓe. Ni kaina na farko da na shuka haka na rasa shi, kullum da safe ina bashi ruwa saboda tausayi, cikin ƴan makonni ganyen yayi laushi ya koma ruwan ɗorawa, dana tuge shi saiwar tayi baƙi tana wari, wallahi abun yayi min ciwo sosai dan ni na kashe shi da hannuna.

Saboda haka kafin ka shuka, gwada ƙasarka. Haƙa ɗan rami ka cika shi da ruwa ka tsaya ka gani, idan ruwan ya shige da sauri to madalla, idan kuma ya daɗe a kwance ƙasar laka ce, sai ka gauraya ta da yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa da yawa, ko ka tara ƙasar tayi tudu ka shuka a sama yadda ruwa zai gangara. Mai shukawa a tukunya ya tabbatar akwai huda a gindinta, kuma kada a bar faranti a ƙasa yana tara ruwa. A gindin tsiron tsakuwa ake zubawa, banda ciyawa ko busasshen ganye da ake lulluɓe sauran shuke-shuke dasu, su suna riƙe danshi, shi kuma danshi a gindinsa baya so ko kaɗan.

Wuri kuma ka zaɓi inda rana take dukansa aƙalla awa 6, a inuwa sai ya miƙe yayi siriri ba fure. Tsakanin wannan tsiron da wancan bar santimita 30 zuwa 45, zasu haɗe da kansu.

Maganar ban ruwa, sabon dashe yana buƙatar ruwa jefi-jefi har ya kama, bayan nan sai ka sa yatsa cikin ƙasa, in kaji danshi ka ƙyale shi, in ta bushe ƙamas ka bashi ya ƙoshi sannan ka manta dashi. Idan ganye ya fara yamutsewa ƙishirwa ce, wannan gyaransa ba wuya. Idan lokacin sanyi ya gabato ka rage ruwan sosai, saboda ganyen da ya cika da ruwa tantsan shine yake fashewa idan ruwan ya daskare a ciki. Taki kuwa ɗan kaɗan ya isa, ko ma babu, in yayi yawa ganye zaka samu fure ya ragu.

Abun daɗin shine yawaita shi ba wahala. Yanki reshe mai tsawon santimita 5 zuwa 10 wanda ba fure a kansa, cire ganyen ƙasa, ajiye shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sai ka soka shi cikin yashi mai ɗan danshi, cikin sati biyu zuwa uku yakan yi saiwa. Da iri ma ana shukawa amma ƙanana ne kamar ƙura, a bisa ƙasa ake barbaɗawa ba'a binnewa dan suna son haske kafin su tsiro. Ƙwari basu cika damunsa ba, sai dai wasu fararen ƙwari masu kama da auduga da suke maƙalewa a tsakanin ganye, in ka gansu da wuri goge su kawai da ɗan tsumma.

Aikin wannan satin: kowa ya haƙa ramin gwajin nan a inda yake son shukawa, ya zuba ruwa, ya rubuta a littafinsa minti nawa ruwan ya ɗauka kafin ya shige, mu karanta tare a darasi mai zuwa.