Idan babban yaro ya farka da tarin kurup mai tsanani

Kurup, wato kumburin hanyar iska a maƙogwaro mai zuwa da tari irin haushin kare, ciwon ƙananan yara ne. Ya fi kama masu wata 6 zuwa shekara 3, kuma da wuya a gan shi bayan shekara 6. Shi ya sa a aikina na jinya a ɗakin yara, idan aka shigo da ɗan shekara biyu yana tari irin haushin kare, muryarsa a dushe, hankalina ba ya tashi sosai, don na san yawancinsu za su koma gida a daren. Amma idan ɗan shekara takwas ne aka riƙo, yana jan numfashi da ƙara, miƙewa nake yi tsaye. Iyaye da yawa suna ɗaukar abin a juye, suna cewa ai babba ne, zai jure. Girman nasa shi ne dalilin da ya sa bai kamata a jira ba.

Ciwon yakan fara da mura: majina, ɗan zazzaɓi, kwana ɗaya ko biyu. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, mafi yawa wadda ake kira farainfuluwenza, amma bairos na mura mai zafi, da na korona, da na ƙyanda duk suna iya jawo shi. Sai maƙogwaro ya kumbura daga ciki, daidai ƙasan inda murya ke fita. A wurin akwai wani zoben guringuntsi da ya kewaye hanyar iska gaba ɗaya, ba ya buɗewa, saboda haka kumburin ba shi da inda zai nufa sai ciki. A jariri hanyar ƙarama ce, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya matse ta. A babban yaro kuwa hanyar ta yi faɗi. Kafin ta matse har a ji ƙara yana zaune bai motsa ba, ko dai kumburin ya yi yawa ƙwarai, ko kuma abin da ke damunsa ba kurup ba ne, wani ciwo ne da ya zo da kamarsa.

Abu na farko idan ya farka cikin dare yana wannan tarin shi ne ki kama kanki. Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Amma yaro yana karanta fuskar uwarsa, kuma tsoro da kuka suna sa shi jan iska da ƙarfi, jan iska da ƙarfi kuma yana ƙara matse wurin. Ki kunna fitila, ki zauna kusa da shi, ki bar shi ya zauna yadda ya ga ya fi samun numfashi. Kada ki kwantar da shi dole. Babban yaro yana da wata fa'ida da jariri ba shi da ita, wato yana jin magana. Ki ce masa, "Ina nan tare da kai. Ja a hankali, saki a hankali." Ki yi tare da shi.

Daga nan sai ki ɗage masa riga ki duba ƙirjinsa. Ƙarfin tarin ba ya nuna tsananin ciwon. Yaro zai iya cika gida da tari alhali iska tana shiga lafiya. Ki saurari lokacin da yake jan numfashi ciki. Idan akwai wata ƙara mai kaushi da ke fita sai ya yi kuka ko ya motsa, in ya natsu ta ɓace, abin da sauƙi tukuna. Idan yana zaune shiru ƙarar ba ta daina ba, an wuce zaman gida. Ki kalli ɗan ramin da ke gindin wuyansa, da tsakanin haƙarƙarinsa: a yaron da ke shan wuya za ki ga fatar wurin tana lotsawa ciki duk jan numfashi, wani lokaci har ƙashin tsakiyar ƙirji yana shigewa, hancinsa yana buɗewa. Ki sa shi ya faɗi sunansa cikakke, ko ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Wanda yake yanke magana bayan kalma ɗaya ko biyu don ya ja iska, asibiti yake buƙata yanzu, ba da safe ba. Ki duba leɓensa ta ciki, da harshe da dasashi, musamman in fatarsa baƙa ce, don a nan ake ganin canjin launi. Toka-toka ko shuɗi-shuɗi alama ce iska ba ta isarsa.

Akwai alama ɗaya da ke yaudarar iyaye, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Yaron da ya daɗe yana fama, sai ƙarar ta fara raguwa, ya yi laƙwas, ido yana lumshewa. Uwa ta ce alhamdu lillahi, ya samu barci. Wani lokaci haka ne. Amma in ƙirjin yana nan yana lotsawa, ko kin tashe shi ya kasa buɗe ido sosai, ko yana magana ba kan gado, to gajiya ce ta kama shi, iskar da ke wucewa ta yi kaɗan har ba ta iya yin ƙara. Wannan yaron a kira motar asibiti ko a ɗauke shi nan take, a zaune, wani babba yana gefensa.

Kafin a fita, da kuma a hanya, akwai abubuwan da nake roƙon iyaye su bari. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa don a leƙa maƙogwaro; idan murfin maƙogwaron ne ya kumbura, wato ɗan naman da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya, taɓa shi na iya rufe hanyar gaba ɗaya. Kada a yi masa sirace da tafasasshen ruwa. An gwada tururi a bincike ba a ga amfaninsa ga kurup ba, ƙunar da yake jawowa kuwa ina ganinta da idona, a cinya da ƙirjin yaran da kwano ya kife musu. Maganin tari na kwalba ba ya taɓa kumburin, wasu ma suna sa barci, su ɓoye alamar da muke son gani. Ragowar antibayotik da ke cikin gida ba ya kashe bairos. Maganin shaƙa na asma, irin salbutamol, ƙananan hanyoyin cikin huhu yake buɗewa, matsalar kurup kuwa a sama take, a wuya. In yaron dama mai asma ne a ba shi abinsa yadda likita ya tsara, amma kada a zauna jiran ya yi aiki. Farasitamol don zazzaɓi ba laifi in yana iya haɗiya. Ruwa ma kurɓi-kurɓi, in ya karɓa da kansa. Iska mai sanyi takan ɗan sassauta wa wasu, shi ya sa yaro kan iso wurinmu da sauƙi fiye da yadda ya baro gida. Ko da hakan ta faru, a ƙarasa a gan shi.

Yanzu ga abin da ya sa nake dagewa a kan babban yaro. Akwai cututtukan da ke shigowa da kamar kurup, kuma abin da uwa ta lura da shi a gida shi ke taimaka wa likita ya rarrabe su da wuri.

Wanda muka fi tsoro shi ne lokacin da ƙwayar bakteriya ta hau bututun iska bayan mura. Yaro ya yi kwanaki yana tari, kamar zai warke, sai kwatsam zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ya yi yaushi, kana ganinsa ka san ba lafiya. Majina mai kauri da ruɓa ke taruwa a bututun, kuma maganin da ke sassauta kurup ba ya yi masa aikin kirki. Wannan sai antibayotik ta jijiya, kuma da yawansu sai an sa musu bututun numfashi na ɗan lokaci. Na biyu shi ne kumburin murfin maƙogwaro. Shi cikin sa'o'i kaɗan yake zuwa, tarin ba yawa, amma yaron ba ya iya haɗiye ko yawunsa, yana dalala, ya zauna ya turo wuya gaba, baki buɗe, muryarsa a toshe. Rigakafin Hib, wato na wata ƙwayar bakteriya da ke kawo shi, ya rage shi ƙwarai, amma bai ƙare ba. Sai mashaƙo, ga yaron da bai kammala rigakafi ba: wuya ya kumbura, wani farin abu mai toka-toka ya lulluɓe maƙogwaro, kuma yana buƙatar maganin kashe dafin cutar da gaggawa. Yaron da ya kasa buɗe baki, ciwon ya fi a gefe ɗaya, ƙila ƙurji ne ya taru a maƙogwaro.

Biyu kuma ba ruwansu da ƙwayar cuta. Yaro lafiyarsa ƙalau, ba mura ba zazzaɓi, sai ga tari da sarƙewa farat ɗaya: a tambaye shi me ke bakinsa. Yaran makaranta suna tauna murfin biro, suna wasa da tsaba a baki, kuma tsoron faɗa kan hana su faɗi. A tambaya da lallashi. Idan kuma leɓe ko fuska sun kumbura, jiki ya feso da borin jini bayan cin wani abu, shan magani ko harbin zuma, allurar adirenalin, maganin gaggawa mai sauke irin wannan kumburin, yake buƙata a cinya cikin mintuna.

Saboda haka in kun isa, kada ki tsaya a layi. Ki ce wa na bakin ƙofa, "Yarona ba ya iya numfashi." Ga likita kuma ki faɗi lokacin da abin ya fara, da mura ya zo ko farat ɗaya, yana haɗiya ko a'a, yaya zafin jikin, ko ya taɓa yin irin wannan, ko an taɓa sa masa bututun numfashi yana jariri, da duk maganin da kika ba shi, ba ɓoye-ɓoye. Katin rigakafinsa in yana kusa a ɗauko, in ba ya kusa kada a tsaya nema.

Abin da za a yi masa ba shi da yawa, kuma yana aiki. Ma'aikata kan auna tsananin da ma'aunin Westley, wanda aka fitar a 1978, maki daga 0 zuwa 17, ana duba ƙarar, lotsawar ƙirji, shigar iska, launin jiki da hayyacinsa. Za a maƙala masa ɗan abin auna oksijin a yatsa. Babban maganin shi ne deksametason, sau ɗaya tak, gwargwadon nauyinsa, daga miligiram 0.15 zuwa 0.6 a kowane kilo, ta baki in yana iya sha. Yana rage kumburin cikin sa'o'i kaɗan, kuma aikinsa yana kai kwana biyu zuwa uku. Na faɗi adadin ne don ki gane abin da ake yi, ba don a saya a ba shi a gida ba, domin magani ne da ke iya lulluɓe alamar ciwon bakteriya. In abin ya yi tsanani, za a ba shi adirenalin ta na'urar shaƙa. Cikin minti 10 zuwa 30 za ki ga ƙirjin ya lafa, kafaɗunsa sun sauka, ya fara tambayar ruwa.

A nan ne muke yawan samun saɓani da iyaye. Uba ya ga ɗansa ya warware, ya ce, "Sista, ai ya ji sauƙi, a sallame mu." Ni kuma in ce, "Baba, a yi haƙuri a ƙara zama." Aikin adirenalin yana gushewa bayan kamar sa'a 2, kuma ƙarar na iya dawowa, shi ya sa ake riƙe yaro sa'a 2 zuwa 4 ana kallonsa. Wanda ya buƙaci shaƙa ta biyu, ko wanda ta farko ba ta yi masa komai ba, kwanciya zai yi, kuma a babban yaro rashin jin maganin nan kansa saƙo ne ga likita ya nemi wani dalili. Kada ki yi mamaki in ba a yi gaggawar ɗibar jini ko ɗaukar hoto ba. Muna guje wa duk abin da zai sa shi kuka kafin numfashi ya daidaita. Ki zauna inda zai riƙa ganinki, wannan ma cikin maganin yake.

Bayan an dawo gida, dare na biyu da na uku su ne suka fi buƙatar lura, don kurup da dare yake tashi. Ki kwana ɗaki ɗaya da shi, ki riƙa dubawa. Tarin haushin yakan lafa cikin kwana biyu a yawancin yara, ragowar tari da majina na iya kai mako. A nisanta shi da hayaƙin taba da kowane irin hayaƙi, a bar shi ya huta daga makaranta har zazzaɓi ya sauka, a riƙa wanke hannu saboda ƙannensa, don su ne suka fi saurin kamuwa. Idan ƙarar ta dawo yana zaune, ko sabon zazzaɓi mai zafi ya taso bayan ya fara warwarewa, ko ya fara dalalar yawu, a koma ko da ƙarfe nawa ne.

Yaron da ya haura shekara 6 yana ta maimaita wannan tarin, musamman fiye da sau biyu a shekara, kada a tsaya ga maganin dare ɗaya kowane karo. A nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Wani lokaci ruwan ciki mai tsami ne ke hawowa yana ƙona maƙogwaro, wani lokaci asma ce ko rashin jituwar jiki da wani abu, wani kuma hanyar iskar ce dama matsattsiya, tun haihuwa ko daga tabon bututun da aka taɓa sa masa. Likitan kan leƙa da siririyar kyamara ya gani. Kafin ranar ganinsa, in tarin ya sake tasowa kuma akwai wani babba a kusa, ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo da waya, ƙirjin yaron a buɗe, ana jin ƙarar, sannan a rubuta ranar da tsawon lokacin da ya ɗauka.