Yadda ake auna makarantar tsakiya a Amurka da sakamakon jarrabawar jiha

Iyaye da yawa cikinmu da suka zo Amurka da yara, idan yaro ya kusa shiga aji shida, abu ɗaya suke yi. A buɗe waya, a ga wannan makaranta shafin GreatSchools mai ba makarantu maki ya ba ta 8 cikin 10, waccan kuma 3, shi ke nan magana ta ƙare. Na ga waɗanda suka kwashe kaya suka koma unguwar da haya ta fi ƙarfinsu saboda wannan lamba ɗaya, alhali makarantar da suka baro ta fi wadda suka koma iya koyarwa. Alƙaluman da za su nuna musu haka kyauta ne, suna nan a intanet, duba su ne ba a iya ba.

Makarantar tsakiya dai yawanci aji shida zuwa takwas ce, yara masu shekara 11 zuwa 14. Dokar tarayya ta ESSA, wadda Obama ya sa wa hannu a Disamban 2015, ta wajabta wa kowace jiha ta jarraba yara a Turanci da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, a kuma buga sakamakon kowace makaranta. Amma kowace jiha da tata jarrabawar: Texas na da STAAR, Massachusetts na da MCAS, Kalifoniya na da CAASPP.

Mataki na farko: je tushe

Ka bar shafukan dillalan gidaje. Ka rubuta sunan jiharka da "school report card", ka shiga shafin ma'aikatar ilimi ta jihar. A New York sunansa data.nysed.gov. Ka nemo makarantar, ka buɗe sakamakon aji shida, bakwai da takwas daban-daban, Turanci daban, lissafi daban. Ni a takarda nake kwafewa da biro, kai ma haka za ka yi, don a fuskar waya ba za ka iya jera shekara uku ka kalle su lokaci guda ba. Kada ka biya kowa ko sisi a kan wannan.

Mataki na biyu: gane abin da kason yake faɗa

Babbar lambar da za ka fara gani ita ce kason yaran da suka kai matakin da jiha take so. A New York matakai huɗu ne, na 3 da na 4 su ne suka kai. Idan ka ga kashi 40, ba wai yara sun ci 40 cikin 100 ba ne, yara 40 ne cikin 100 suka tsallake layin da jiha ta ja. Kuma jiha na iya matsar da layin. A 2013, da New York ta sauya jarrabawarta ta ƙara mata wuya, kason lissafi na jihar gaba ɗaya ya faɗo daga kusan kashi 65 zuwa 31 cikin shekara guda. Yaran nan ba wani abu ne ya same su ba, ma'aunin ne aka canja. An sake sauya jarrabawar a 2023, don haka kada ka haɗa abin da ya gabaci wannan shekara da abin da ya biyo bayanta. Shekarar 2020 ba a yi jarrabawar ba saboda korona, ta 2021 kuwa yara da yawa ba su zauna ba, ka tsallake su duka biyu. Kwatanta makarantar Houston a Texas da ta Bronx a New York ta wannan kaso kuma ɓata lokaci ne, tunda ba jarrabawa ɗaya suka yi ba.

Mataki na uku: bi yara, kada ka bi aji

A nan ne kusan kowa yake faɗuwa, don haka zan daɗe a nan.

Kason waɗanda suka tsallake ya fi nuna irin yaran da suka shigo makarantar, bai cika nuna abin da makarantar ta yi da su ba. Unguwar da iyaye suke da kuɗin ɗaukar malamin gida, yaransu suna shigowa aji shida da karatunsu a hannu. Ko malamai sun yi barci, kason zai fito da kyau. Wanda ya sayi ƙosasshen rago ya ɗaure ba a kiransa gwanin turka. Gwani shi ne wanda ya karɓi ramamme ya mayar da shi na layya.

To yaya za ka gano? Ka ɗauki aji shida na shekarar farko, aji bakwai na shekara ta biyu, aji takwas na shekara ta uku. Kusan yara ɗaya ne kake bi suna girma. A ce wata makaranta ta fara da kashi 80 a Turanci, ta koma 76, ta ƙare da 71. A ce wata ta fara da 25, ta hau 34, ta ƙare da 45. Ta farkon har yanzu ta fi lamba, amma ta biyun ce take aiki. Sai dai kafin ka yaba ko ka kushe, ka jera kason jihar gaba ɗaya na waɗannan azuzuwa a gefe. Idan duk jihar ta sauka da maki biyar a aji bakwai, saukar makarantarka da biyar ba laifinta ba ne.

Masu fara wannan aiki kuskurensu shi ne su kwatanta aji takwas na bana da aji takwas na bara, su ce makaranta ta lalace ko ta gyaru. Yara daban ne fa. A ƙaramar makaranta mai yara 60 a aji, yaro uku kaɗai kashi biyar ne.

Jihohi da dama sun sauƙaƙa maka wannan lissafi, suna buga makin ci gaba. A Massachusetts da New Jersey da Colorado, ana ɗaukar kowane yaro a kwatanta shi da sauran yaran jihar da suka samu irin makinsa a baya, a ba shi lamba daga 1 zuwa 99. Makarantar da ta tsaya wajen 50 tana tafiya daidai da saura. Wadda take haura 60 shekara bayan shekara, wannan ita nake nema, ko da kasonta na tsallakewa bai burge ba. Idan aka ce in zaɓi lamba ɗaya tak in bar sauran, wannan zan ɗauka. Amma shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, sai uku.

Akwai wani tarko a lissafin aji takwas, musamman a New York. Yaran da suka fi ƙarfi a lissafi sukan yi aljabara tun a aji takwas, su zauna jarrabawar Regents, wato jarrabawar jiha ta matakin sakandare, kuma an yarda su bar jarrabawar lissafi ta ajinsu. Sai ka ga kason aji takwas ya rushe, ka ɗauka malamin lissafi ne ba ya aiki, alhali zakarun ajin ne ba sa cikin ƙidayar. Ka duba yara nawa suka zauna. Idan aji bakwai na bara 150 ne, bana kuma 90 kawai suka yi lissafin aji takwas, ka nemo sakamakon Regents ɗin makarantar. Makarantar da ba ta koyar da aljabara a aji takwas kwata-kwata, a wurina an rage mata maki.

Mataki na huɗu: nemo layin da ɗanka yake

Doka ta sa a rarraba sakamakon: yaran marasa ƙarfi, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci, da rabon jinsi. Idan ɗanka bai daɗe da zuwa daga Kano ko Yamai ko Kumasi ba, layin masu koyon Turanci ne naka, ba jimlar makaranta ba. Makaranta tana iya samun kashi 70 a dunƙule, sababbin zuwa kuma an bar su a bayan aji. Idan ka ga an sa ɗigo ko tauraro a maimakon lamba, yaran ne suka yi kaɗan, an ɓoye don kada a gane su. Wannan ma labari ne: makarantar ba ta saba da irin ɗanka ba. Ka kuma sani cewa yaron da bai cika shekara ɗaya a makarantun Amurka ba, ana iya ɗage masa jarrabawar Turanci sau ɗaya. Ka tambayi ofishin makaranta tun kafin watan Afrilu.

Sauran abubuwan dubawa

Ka duba kason yaran da suka zauna jarrabawar. Doka na neman kashi 95. A 2015 kusan yaro ɗaya cikin biyar a jihar New York iyayensa sun hana shi zama, kuma inda aka yi haka sakamakon ba ya wakiltar makarantar. Ka duba yawan masu fashi, wato yaran da suka rasa kashi 10 na kwanakin karatu, kimanin kwana 18 a shekara. Idan kuma ka ga makaranta ta yi tsalle daga ƙasa zuwa sama cikin shekara guda, kada ka yi saurin tafi. A Atlanta an samu manyan mutane suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har kotu ta kama malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015.

Jarrabawar nan ba ta auna ladabi, ba ta faɗa maka ko ana cin zalin yara a farfajiya, ko za a ba 'yarka wurin salla. Wannan sai ka taka da ƙafarka. Ka je ranar da ake buɗe wa iyaye ƙofa da takardarka a hannu, ka nuna wa shugaban makaranta layin da ya sauka, ka tambaye shi me ya faru a wannan shekarar kuma me suka yi a kai. Wanda ya san makarantarsa zai ba ka amsa nan take, har ya faɗa maka ajin da aka canja wa malami.