Yadda zaka gane irin fankshin daga giraf ɗinsa

Kafin komai ka tabbatar ma fankshin ne, wato lissafin da kowane x ke bada y guda ɗaya tak. Ɗora rula a tsaye ka ja ta daga hagu zuwa dama, in akwai inda ta taɓa zanen a wuri biyu toh ba fankshin bane, shi yasa da'ira bata ciki.

Miƙaƙƙen layi dai ba sai an tsaya dogon bayani ba, liniya ne, y = mx + c. Sauran kuma ka ƙirga sau nawa layin ya juya. Juyi ɗaya mai laushi kamar U kwadiratik ne, wato mai x², in kaga ya kife toh lambar dake gaban x² negatif ce. In kuma juyin nada tsini kamar V wannan y = |x| ne. Kubik, wato mai x³, zaka gane shi ta bakinsa biyu, ɗaya yayi sama ɗaya yayi ƙasa, baya wuce juyi biyu, kuma y = x³ ma baya juyawa sam, ɗan kwantawa kawai yake a tsakiya ya cigaba da hawa.

In zanen na maimaita kansa kamar igiyar ruwa tsakanin 1 da -1 duk bayan digiri 360, duba inda ya ratsa layin y (na tsaye), in a 0 ne sayin (y = sin x) kenan, in a 1 ne kos (y = cos x). Wanda ya rabu gida biyu yana ta kusantar layin x (na kwance) da na y ba tare da ya taɓa su ba kuwa y = 1/x ne.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa, kuma abin na damuna sosai, shine y = 2ˣ da y = x², don ta ɓangaren dama duk hawa suke sai mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Don Allah ka riƙa duba hagu. Kwadiratik zai sake tashi sama, shi kuwa eksfonenshal, wato 2ˣ, lafewa yake kusa da layin x har abada bazai taɓa shi ba, kuma ta (0, 1) yake wucewa. In an yanke maka hagun a zanen toh karanta lambobi, 1, 4, 9, 16, 25 na x² ne, amma 2, 4, 8, 16, 32 ninkawa ake duk taku ɗaya. Log (y = log x) kuma kishiyar eksfonenshal ne, ta (1, 0) yake bi, babu shi kwata-kwata a hagun layin y, kuma hawansa a hankali ne sosai.