Injin juya katako: abin da za ka duba kafin ka saya, da yadda ake aiki da shi

Wani ƙanena da ya buɗe shagon kafinta can Sabon Gari ya dame ni da tambaya kan injin nan da ƴan faransanci ke ce ma tur, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya ƙaru. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe itace ya yi ta juya shi, kai kuma ka kanga masa kaifi kana sassaƙa har ya fito ƙafar gado ko ta tebur, ko muciya, ko akushi.

Injin yana da kai inda moter da bel suke, da wutsiya mai tsini da ake turowa ta danne ɗayan gefen itacen, da sandar ƙarfen da ake ɗora cizal a kai, duka suna zaune kan doguwar gadar ƙarfe. Tazarar kai da wutsiya ita ce tsawon abin da za ka iya juyawa, ƙanana wajen santimita 45 suke ɗauka, manya su kai mita 1, to in ƙafar tebur ce sana'arka kar ma ka kalli ƙaramin. Ka tambayi girman zaren bakinsa kuma, wato tsagin da ake murɗa mariƙin akushi a kai, na Turai yawanci M33 ne, ƙananan da aka yi don Amurka inci 1 ne, in ka sayo mariƙin akushi da bai dace ba ka yi asarar jikkunanka.

Kowa doki nawa ne yake tambaya, wato ƙarfin moter, alhali ni abu biyu nake fara dubawa, nauyi da ƙaramin gudu. Moter mai wat 750, wato doki 1 ke nan, ya ishi yawancin aikinmu, kuma yana tashi da kuran ɗin gida mai volt 220, sai dai wasu manyan na okaziyo 380 suke so, ka duba farantin jikin moter kafin ka biya. Amma injin da aka yi da zubin ƙarfe mai nauyi ba ya rawa, na falle kuwa da ka ɗora masa gungumen ƙirya sai ya kama tafiya cikin shago kamar ɗan akuya, dole ka ɗaure shi da ƙasa ko ka jibga masa buhunan yashi. Gudu kuma ana canza shi ne da matsar da bel daga wannan tsani zuwa wancan, wasu da maɓalli, daga wajen juyi 500 a minti har 3000 da wani abu. Ka'idar ita ce iya kaurin itace iya rage gudu: akushi mai faɗin santimita 30 ka tsaya tsakanin 500 da 700, siririn abu kamar maburgi ne ke son gudu sosai.

Ni dai na koya da wahala. Wata rana na ɗora guntun bedi da ke da tsaga a ciki ban lura ba, na bar bel ɗin inda na yi aikin jiya, ina kunnawa wallahi sai ji na yi fau, rabin itacen ya tashi ya huda kwanon rufi, yaron shagona sai da ya kwanta ƙasa.

To ga yadda nake yi yanzu. In ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa in samu tsakiya a kowane gefe, in rage kusurwoyin da gizago ko zarto, in ɗaure tam. Sandar ɗora cizal in matso da ita kusa ƙwarai, kamar rabin santimita, sannan in juya itacen da hannu in ga bai taɓa komai ba, in koma gefe kafin in kunna. Cizal kuma sai ya zauna kan sandar tukuna, gefen bayan bakinsa ya shafi itacen, sannan ka ɗaga ƙotar a hankali har kaifin ya fara ci. In ka ga ɓawo na fita dogo-dogo kana daidai, in gari kawai ke zuba to je ka wasa. Cizal mai faɗin baki na fara rage itace, dan Allah kar ka sa shi cikin akushi, kamawa yake ya karye.

Babbar riga, rawani, hannun riga mai lilo, safar hannu, duk a cire. Ka sa gilashin da ke rufe fuska duka, da takunkumi saboda ƙurar maɗaci ba ta da daɗi a ƙirji. Lokacin goge da samfefa ka janye sandar gaba ɗaya kada ta matse maka yatsa, ka fara da lamba 80, sai 120, 180, har 240.

Sai maganar ɗanyen itace, yana da daɗin yanka amma da hunturun Damagaram ya busa shi sai ka ga akushi ya tsage. Ka yi masa sassaƙar farko ka bar shi da kauri, ka binne shi cikin ɓawonsa a buhu a inuwa ƴan watanni, in ya bushe ka maida shi kan injin ka ƙarasa.